Littafin da nake koyarwa da shi bai san tukunyarmu ba: me zan gaya wa matan ajina game da abinci?

Ummu Hafsa, Tudun Wada

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ni malama ce a wata Islamiyyar matan aure da ke Tudun Wadan Zariya, kuma a bana shugabannin makarantar suka ware rabin sa'a duk ranar Asabar domin tattaunawa kan lafiyar iyali, suka ɗora mini ɓangaren abinci saboda na karanci tattalin gida a kwaleji. Na karɓi aikin da murna, amma Asabar uku ke nan ina komawa gida zuciyata ba daɗi.

Littafin da nake dubawa cike yake da hotunan tuffa da cuku da wasu ganyayen da ban taɓa cin karo da su ba a kasuwar Tudun Wada ko ta Sabon Gari. A makon jiya, bayan na gama zayyana rukunonin abinci a kan allo, wata baiwar Allah da ke zaune a baya da goyon 'yar wata tara ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, abin da maigida yake bari shi ne mudun masara da kuɗin kuka da daddawa da ɗan manja. A cikin waɗannan rukunonin, wanne ne namu?" Ajin ya yi tsit, ni kuma na rasa ta cewa. Da aka tashi na karɓi yarinyar, sai na ji ba ta da nauyi, gashin kanta ya yi laushi ya soma ja, kuma uwar ta shaida mini cewa ban da nono, koko zalla take ba ta safe da yamma.

Abin da nake nema a wurin masana da ke nan shi ne su faɗa mini ko an yi bincike a kan abincinmu na gida, wato tuwo da fate da kunu da kwaɗo, wanda zan iya tsayawa a kansa ba tare da na yaudari kowa ba. Ina kuma son sanin abin da ya kamata in fara da shi idan rabin sa'a kaɗai gare ni a mako. Akwai kuma batun kunun kanwa na masu jego, wanda matan suka tambaye ni har sau biyu na kauce, domin na san duk amsar da na bayar za ta isa kunnen surukai. Allah ya saka da alheri.

Maman Sadik, ma'aikaciyar lafiya

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba ki ladan wannan aiki. Kafin komai, ki sa a kai wannan yarinya asibitin sha-ka-tafi mafi kusa a cikin makon nan, kada a jira Asabar. Akwai wani ɗan zare mai launi uku da muke auna damtsen yaro da shi daga wata 6 zuwa shekara 5. Idan awon ya gaza santimita 11.5 ya faɗa ja, wato tamowa mai tsanani, daga 11.5 zuwa 12.5 kuma ruwan ɗorawa ne, wato matsakaiciyar tamowa. Haka nan idan aka danna bayan ƙafafun yaro duka biyu da yatsa aka ga wurin ya lotsa bai dawo ba, wannan kumburi ne da ba a jinyarsa a gida. Sauyin launin gashi da kika gani alama ce da ba ma wasa da ita.

Game da bincike kuwa, akwai shi, kuma abin da ya nuna ba mai daɗin ji ba ne. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya gano cewa kashi 37 cikin ɗari na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba, a shiyyarmu ta Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai kashi 57. Kashi 68 na ƙananan yara da kashi 58 na matan da ke shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini, kuma kashi 29 kacal na jarirai ake shayarwa da nonon uwa zalla a watanni shidan farko. Mafi yawan tsumburewar tana faruwa ne a kwana 1,000 na farko, daga shigar ciki zuwa cikar yaro shekara 2, kuma abin da aka rasa a wannan tsakanin da wuya a maido shi daga baya. Don haka shawarata ita ce ki ajiye littafin nan, ki fara da kwanon ɗan wata shida zuwa shekara biyu.

Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya take amfani da shi mai sauƙi ne: a cikin rukuni takwas, yaro ya samu aƙalla biyar a yini. Rukunonin su ne nonon uwa, da hatsi ko saiwa, da dangin wake da gyaɗa, da nono ko madara, da nama ko kifi, da ƙwai, da ganye ko 'ya'yan itace masu bitamin A, sai sauran kayan lambu. Yanzu ki dubi faten tsaki, wanda sauran Hausawa suke tsokanarmu da shi. Tsakin hatsi ne, gyaɗa da waken da ake zubawa rukuni na biyu ne, alayyahu ko zogale ko kabewa na uku, gauta da tumatir da albasa na huɗu, kuma yaron da ke shan nono ya cika biyar ke nan ba a sayi ko tsoka ɗaya ba. Abin da za a kula da shi kawai shi ne a ɗebi na yaro kafin a zuba yaji, a dama shi ya yi laushi.

Matsalar koko ba ta wuce yawan ruwa ba. Cikin ɗan wata tara bai fi ɗaukar ƙaramin kofin shayi ba, to idan aka cika shi da abin da ke zuba daga cokali kamar ruwa, yaro ya ƙoshi amma bai ci komai ba. Ni a wurin awo nakan ɗebi kunun da cokali in karkata shi a gaban iyaye mata: idan ya zube nan take ya yi ruwa, idan ya tsaya yana sauka a hankali ya yi daidai. A zuba masa cokalin markaɗaɗɗiyar gyaɗa ko garin ƙuli-ƙuli, da ɗigon manja, da garin busasshen kifi idan an samu. Daga wata 6 zuwa 8 a ba shi sau biyu ko uku a yini, daga wata 9 kuma sau uku ko huɗu, a kwanonsa shi kaɗai, domin yaron da aka haɗa da yayyensa a faranti ɗaya ba ya cin rabonsa. Kuma ki tuna musu da dakashi, wannan nonon farko mai kauri da wasu ke matsewa su zubar, alhali shi ne rigakafin farko na jariri. Zuma kuma ba a ba yaro sai ya cika shekara guda, saboda wata ƙwayar cuta da kan kasance a cikinta wadda hanjin jariri ba ya iya kare kansa daga gare ta.

Baban Biyu, Gyallesu

Malama da Maman Sadik, ina ganin girmanku, amma ku yi mini afuwa in ce ba rashin sani ne babban ciwon ba. Matar da ta yi wannan tambaya ta san wake ya fi kuka gina jiki, abin da ba ta da shi shi ne kuɗin waken. Idan aka tara mata kowace Asabar ana gaya musu abin da ya kamata su dafa, alhali ba su ne ke zuwa cefane ba, an ɗora musu laifin da ba nasu ba ne, kuma za su koma gida da kunya a maimakon ilimi.

Mu maza ne ya kamata a zaunar. Ina faɗin wannan ne domin na shekara da shekaru ina tsayawa wurin mai shayi da safe a soya mini ƙwai biyu, da dare kuma in biya ta wurin mai tsire, yayin da 'yan biyuna ba sa ganin ƙwai sai a kan tiren mai talla. Ban taɓa ɗaukar kaina azzalumi ba, haka na taso na ga ana yi, kuma a gidanmu ana cewa yaron da ya saba da ƙwai ɓarawo zai zama. Ranar da aka auna su aka ce ɗaya ya faɗa ruwan ɗorawa, na zauna na lissafa abin da nake kashewa a bakin titi cikin mako, na ga ya isa tiyar waken suya da ƙwan yara. Ina roƙon Malama ta nemi limaman unguwa su ɗauki maganar nan a karatun bayan Magariba, domin a can ne masu riƙe da kuɗin cefane suke zama.

Dattijon Samaru

Assalamu alaikum. Ni tsohon malamin gona ne, na yi ritaya, kuma jikata ce take rubuta mini wannan. Baban Biyu ya faɗi gaskiya, sai dai zan ƙara da cewa akwai abin da ke hannun mata wanda ba ya cin ko kwabo, kuma akwai abin da ke hannun manomi.

'Yata Malama, kin tambaya ko an yi bincike a kan abincinmu. Daga ƙofar makarantarku zuwa inda ake yinsa kuɗin mota ɗaya ne. Tun 1922 aka kafa tashar binciken noma a Samaru, wadda ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello bayan kafa jami'ar a 1962. Duk irin da kika ji sunansa ya fara da SAM, kamar SAMMAZ na masara, SAMSORG na dawa, SAMPEA na wake da SAMNUT na gyaɗa, Samaru ake nufi. Daga ciki akwai SAMMAZ 14, masarar da furotin ɗinta ya fi na masarar da muka saba amfani a jiki, akwai kuma masara mai launin lemo wadda jiki ke samun bitamin A daga gare ta, shi kuwa rashin bitamin A shi ne ke kawo dundumi. Na sha ganin an kai wannan masara ƙauye ta yi kyau a gona, amma maigida ya buɗe kwano ya ga tuwo ba fari ba ya ce a mayar. Inda muka fi cin nasara shi ne inda aka fara da kunun yara da fate, domin a can ba wanda ke duba launi.

Ga wani haɗi da ake koya wa mata a jihohin Arewa, wanda ake kira Tom Brown: awo 6 na hatsi, ko gero ko dawa ko masara, awo 3 na waken suya, awo 1 na gyaɗa. Ana jiƙa waken suyan, a cire ɓawonsa, a shanya, a soya shi sama-sama har ƙamshinsa ya tashi, domin ɗanyen waken suya yana da wani sinadari da ke hana jiki narkar da furotin, kuma zafin wuta ne ke kashe shi. Sai a soya gyaɗar da hatsin, a haɗa a kai inji. Da gwangwanin madara ma ana iya awon, ba sai da mudu ba, kuma mata biyar za su iya haɗa kuɗi su niƙa tare su raba. Jiƙon da iyayenmu ke yi wa gero kafin a yi gasara shi ma ba aikin banza ba ne, yana rage abin da ke ɗaure sinadarin ƙarfe a cikin hatsi ya hana jiki ɗaukarsa.

Abin da ya fi damuna, wanda ban cika jin ana faɗa wa mata ba, shi ne gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna. Akwai wata guba da ake kira aflatoksin da ke fitowa idan amfanin gona ya sha danshi a rumbu ko an shanya shi a ƙasa, tana lalata hanta har ta kai ga ciwon daji, kuma dafuwa ko suya ba sa kashe ta. Ita gyaɗar da ta yamutse, ta canza launi, take ɗaci a baki, ita ce mai araha, ita ce kuma takan ƙare a kunun yara da ƙuli-ƙuli. Ki sa matan su baza gyaɗa a faifai a gabanki, su tsince mai baƙi da mai huji da wadda ta motse, su zubar, kada ma a ba kaji. Zogale da kuka kuma a inuwa ake shanya su, domin rana tana cinye bitamin ɗin da ake nema, ganyen ya koɗe ya koma kamar dusa.

Likitan Zuciya

Gaisuwa ga Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Malama, zan ɗauki tambayar kanwa, domin tarihin bincikenta a garin nan yake.

A shekarun 1970, Farfesa Eldryd Parry da abokin aikinsa Davidson, suna aiki a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, sun bi diddigin matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, masu zuwa da kumburin ƙafa da haki da kasa kwanciya a miƙe. Sun ga ciwon ya yi yawa ƙwarai a tsakanin matan Hausawa na Zariya da kewaye, suka danganta shi da al'adun jego, wato kunun kanwa mai yawa, da wankan tafasasshen ruwa, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. Hujjarsu ita ce kanwa tana ɗauke da sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, wanda ke tara ruwa a jiki ya ƙara wa zuciya aiki, zafi kuma ya ƙara mata wani. Shekaru da dama bayan haka, binciken da Farfesa Kamilu Ƙaraye na Kano ya jagoranta bai samu alaƙa mai ƙarfi tsakanin ciwon da waɗannan al'adu ba, sai ya fi nuni ga rama, da ƙarancin sinadarin seleniyam, da hawan jinin masu ciki, da talauci. Haka ilimi yake tafiya, sabon bincike yana gyara tsoho, kuma wanda ya ce miki an rufe maganar bai bi ta ba.

To me za ki gaya musu? Ni abin da nake faɗa wa majinyatana shi ne, ba na cewa kunun kanwa ne ke kashe masu jego, domin ba ni da hujjar da ta kai haka, amma duk matar da ke da hawan jini, ko ta yi jijjiga lokacin haihuwa, ko ƙafarta ta kumbura, to ta bar shi gaba ɗaya, sauran kuma su rage kanwar sosai. Kada ki ce wa surukai al'adarsu jahilci ce, domin niyyarsu ita ce mai jego ta samu ƙarfi da ruwan nono, kuma wannan niyya daidai take. Ki nuna musu cewa kunun gyaɗa da farfesu da wake da ganye sun fi kai su ga abin da suke nema. Mai jegon da ke haki ko ba ta iya kwanciya sai an tara mata matasai, asibiti za a kai ta a ranar, ba a ƙara mata ruwan zafi ba.

Gishiri ma ya cancanci Asabar guda. Abin da aka ƙayyade wa babba bai kai giram 5 a yini ba, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi, kuma kusan rabin kowane dunƙulen ɗanɗano gishiri ne. Tukunyar da aka jefa wa dunƙule huɗu, aka ƙara gishiri, aka sa kanwa don kuɓewa ta yi yauƙi ko wake ya yi saurin nuna, ta wuce ƙa'ida nesa, kanwar kuma tana lalata wasu bitamin na abincin. Jiƙa wake tun dare yana yin aikin da kanwa ke yi, daddawa kuma tana ba da ɗanɗanon da zai sa a rage dunƙule. Gishirin da za a saya ya zama mai aidin, wanda Nijeriya ta wajabta tun 1993 domin maganin maƙoƙo. Mai ƙarancin jini ta raba shayi da abinci da kamar sa'a guda, domin ganyen shayi yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe, yayin da lemo da gwaiba da garin 'ya'yan kuka suke taimaka masa.

Ina goyon bayan Baban Biyu a kan ƙwai, amma kada a yi wa mata alkawarin da bincike bai yi ba. A ƙasar Ekwado an ba jarirai ƙwai ɗaya kullum na wata shida, tsumburewa ta ragu da kusan rabi, da aka maimaita gwajin a Malawi kuwa ba a ga bambanci a tsayin yaran ba. Ƙwai abinci ne mai kyau ƙwarai, sai dai yaron da ke fama da gudawa da zazzaɓin cizon sauro da gurɓataccen ruwa ba zai girma da ƙwai kaɗai ba. Haka zogale, ganye ne mai amfani, amma saƙonnin WhatsApp da ke cewa yana warkar da ciwon suga da hawan jini sun sa na ga mutanen da suka ajiye magungunansu suka dawo mana a kwance.

Ummu Hafsa, Tudun Wada

Allah ya saka muku da mafificin alheri, Baba da Likita da Maman Sadik da Baban Biyu. Jiya Talata na raka matar nan da kaina, bayan na aika maigidana ya nemi izinin mijinta. Da aka zagaya zaren a damtsen yarinyar ya tsaya a ruwan ɗorawa, kusa da ja, ƙafafunta kuma ba su kumbura ba, alhamdu lillahi. An ba ta maganin da ya dace, an ce a dawo da ita bayan mako biyu a sake awo. A hanyar dawowa uwar ta gaya mini cewa tana da ragowar gyaɗar da ta samu daga ƙauyensu bara, ba ta taɓa tunanin zuba wa yarinyar a koko ba domin an ce mata gyaɗa tana sa wa jariri majina.

Asabar mai zuwa ba zan taɓa allo ba. Na roƙi kowace mace ta zo da gwangwani ɗaya na abin da ke gidanta, ko tsaki ko wake ko gyaɗa ko ganye, za mu hura wuta a tsakar makarantar mu dafa fate da kunun yara, mu tsince gyaɗar a faifai kamar yadda Baba ya ce, mu kuma yi gwajin cokali. Shugaban makarantar ya yi alkawarin zai yi wa limaman masallatai biyu na unguwar maganar maza.

Baba, tambaya ɗaya ta rage mini. Mata shida a ajina, mazajensu suna noma a wajen Dakace da hanyar Giwa, kuma biyu daga cikinsu sun ce za su gwada masarar nan mai launin lemo ko da kunya goma ce a gefen gona. A wane wata ya kamata su nemi irin kafin damina ta sauka, kuma idan sun girbe, za su iya ajiye iri daga ciki su shuka baɗi ko sai sun sake saye?